Dusar Tsaunukan Atlas: Yadda Gangare Ɗaya Ke Zama Aminci da Hantsi, Tarko da Azahar

Gani ya kori ji. A majalisar da muke zama bayan sallar Isha'i a Agege, wani ɗan'uwa mai fataucin ƙiraga da ya dawo daga ziyara a Fas ta ƙasar Maroko ya fito da wayarsa yana nuna mana abin da ya ɗauko sa'ad da ya zarce Marakesh: jan gari mai itatuwan dabino, can bayansa kuma jerin tsaunukan Atlas farare fat, kamar an lulluɓe su da alawayyo. Dattijon da ke cikinmu ya daɗe yana duban hoton kafin ya ce, "Alhaji, wannan a ƙasar Afirka ne kuwa?" Da aka tabbatar masa, aka kuma nuna masa wasu mutane suna zamowa daga wani gangare inda babu hanya babu gida, aka ce masa a irin wannan wasa dusar ƙanƙara kan rufto ta binne mutum, sai ya yi tambayar da ta fi ta farko nauyi: abin da ke da laushi kamar garin tuwo, ta yaya zai kashe ƙato? Amsar tana cikin abin da ke ƙarƙashin wannan farin lulluɓi, inda ido ba ya kaiwa.

Zamiya a kan dusar ƙanƙara iri biyu ce, kuma nisan da ke tsakaninsu ya kai na wanda ke iyo a kududdufin otal da wanda ya faɗa tekun Legas a inda babu mai ceto. Ta farko ana yin ta a fili da aka gyara, inda ake da kujerun igiya masu ɗaga mutum zuwa sama da ma'aikata masu lura da hanya. Maroko tana da irin wannan fili a Ukaimedan, kimanin kilomita 75 daga Marakesh, wanda gindinsa yake a kan tsayin mita 2,600, samansa kuma ya haura mita 3,200. Ta biyu, wadda za mu kira zamiyar jeji, ita ce mutum ya bar duk wani wuri da aka tanada, ya hau dutse da ƙafarsa, ya sauko ta kan dusar da babu wanda ya taɓa ta balle ya duba lafiyarta. Domin hawa, ana manna wa ƙasan allunan zamiyar wani ƙyalle mai gashi wanda ke sulɓi idan an tura shi gaba, ya cije idan aka nemi komawa baya. Masu wasan suna kiransa fata har yau, domin a da da fatar wata dabbar teku ake yin sa, yanzu kuwa da gashin akuyar Angora ko nailan. Dunduniyar takalmin tana sake lokacin hawa, ana kulle ta idan za a sauko. Hawan sa'a huɗu ko biyar kan ƙare da saukowar da ba ta wuce rabin sa'a ba.

Cibiyar wannan harka a Atlas ita ce yankin Tubkal, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Arewacin Afirka, mai mita 4,167. Domin a gane girman abin, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne, wato ko gindin filin Ukaimedan bai kamo ba. Mota tana kai mutum daga Marakesh ta garin Asni zuwa ƙauyen Imlil, mai tsayin kusan mita 1,740. Daga nan sai ƙafa da alfadari. Hanyar tana bin kwarin Mizan, ta wuce ƙauyen Armed, ta isa Sidi Shamharush inda akwai wani farin dutse da mutanen yankin ke ziyarta, sannan ta miƙe zuwa masaukin 'yan hawan dutse da ke kan mita 3,207, tafiyar sa'a biyar zuwa shida. Alfadarai ba sa shiga dusa mai zurfi, saboda haka inda dusar ta fara nan suke sauke kaya, 'yan dako su karɓa. Shi ya sa tambayar farko da masu zuwa ke yi wa mutanen Imlil ita ce, yau alfadari ina yake tsayawa? Amsar tana gaya musu yawan dusar bana fiye da kowane hoto. Mazauna wurin Amazigawa ne, kuma sunayen wuraren suna ɗauke da bayanin ƙasar: a harshensu adrar dutse ne, asif kogi, tizi kuwa mashiga tsakanin duwatsu biyu. Kewaye da masaukin akwai wasu ƙololuwa da suka haura mita 4,000, kamar Ras da Timesgida, ga kuma faffaɗan tudun Tazagart mai tsagogi masu tsananin gangara a fuskarsa ta arewa, waɗanda sai gwanaye ke shiga.

Sanyin ba abin mamaki ba ne idan aka yi lissafi. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Selshiyos. Marakesh tana kan mita 460 ko kusa da haka, don haka tsakaninta da kan Tubkal akwai bambancin kusan digiri 24. Ranar Janairu da mutanen birni ke shan hantsi a digiri 18, can sama ana ƙasa da sifiri da digiri shida, tun kafin a sa iska a lissafi. Hadarin da ke kawo dusar yana tasowa ne daga Tekun Atlantika, ya bugi fuskar tsaunukan ta yamma da arewa, ɗaya gefen kuwa yana kallon Sahara, ya fi bushewa. Amma Tubkal yana kusa da layi na 31 arewa da tsakiyar duniya, alhali tsaunukan Alps na Turai suna wajen layi na 46. Ma'anar haka ita ce ranar Atlas ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wannan rana tare da iska su ne ke juya dusar yadda suka ga dama.

Nan ne tambayar dattijonmu take samun amsa. Dusar da ke kan dutse ba dunƙule ɗaya ba ce. Shimfiɗa ce a kan shimfiɗa, kowane hadari da tasa, kuma kowace tana ci gaba da sauya hali bayan ta sauka. Ƙasar da ke ƙarƙashin dusa tana zama kusa da digiri sifiri, saman dusar kuwa a daren da sama ta washe yana iya sauka zuwa digiri goma ko fiye ƙasa da sifiri. Idan bambancin zafi tsakanin ƙasa da sama ya kai digiri ɗaya a kowane santimita goma na kaurin dusa, tururin ruwa yakan riƙa tashi daga ƙwayoyin ƙasa yana daskarewa a jikin na sama, har ƙwayoyin su rikiɗe su zama masu kusurwa, manya, waɗanda ba sa kama juna. Masu harkar suna kiranta dusar sukari, domin idan ka damƙa ba ta curuwa, zubewa take yi ta tsakanin yatsu. Abin lura shi ne dusa mara kauri ta fi saurin yin haka: rabin mita na dusa tsakanin ƙasa mai sifiri da iska mai digiri goma ƙasa da sifiri ya riga ya ninka wancan ma'auni. Saboda haka shekarar da dusa ta yi ƙaranci ba lallai ta zama shekarar aminci ba, kuma Atlas wuri ne da ake yawan samun ɗan zubi a farkon hunturu sannan a yi makonni sama tana tas.

Sai kuma iska ta shigo da nata aikin. Duk wanda ya taɓa ganin yadda iskar hunturu ke kwashe rairayi daga fili ta tara shi a bayan katanga, ko ya ga tuddan rairayi na yankin Yusufari a Yobe, ya riga ya fahimci rabin maganar. Iska tana share dusa daga gefen dutsen da take bugawa, ta niƙe ƙwayoyin, ta jibge su a gefen da ke fake, ta daɓe su kamar yadda mata ke daɓen ɗaki. A cikin 'yan sa'o'i tana iya tara abin da ya ninka wanda ya sauko daga sama sau da yawa. Wannan daɓe mai tauri, idan ya hau kan shimfiɗar sukari, shi ne tarkon. Mu ɗauki misali daga kasuwar Mile 12: a watsa gero a kan siminti mai gangara, a ɗora faifan katako a kai, a jera buhunan albasa a bisa katakon. Komai zai zauna daram, har sai wani ya taka. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya murƙushe raunanniyar shimfiɗar a daidai inda ya tsaya, tsagar ta ruga ta ƙarƙashi cikin ƙiftawar ido, faifai mai faɗin filin ƙwallo ya ɓalle gaba ɗaya, galibi daga saman inda mutumin yake, ya taho da shi da gudun da kan wuce kilomita 100 a sa'a. Shi ya sa a kusan kashi 90 cikin 100 na haɗurran da ke kashe masu wannan wasa, wanda abin ya rutsa da shi ko wani abokin tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar. Dutsen yakan yi gargaɗi ga mai kunne: wani nishi mai zurfi da dusar ke yi a ƙarƙashin ƙafa idan shimfiɗar ta rushe, tsaga da ke gudu daga bakin allon zamiya, da sabon gurbin zaftarewa a gangaren maƙwabta. A kan tozon dutse kuma iska tana gina wani leɓe na dusa da ke rataye a kan fanko, mai tafiya a sama yana zaton ƙasa yake takawa.

Ba kowane gangare ke zaftarewa ba. Mafi yawan irin wannan ɓallewa tana faruwa ne a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma ta fi yawa wajen digiri 38. Ƙasa da 30 dusar ba ta cika samun abin da zai ja ta ba, sama da 50 kuma ba ta cika taruwa ba, zubewa take yi kaɗan-kaɗan. Matakalar bene ta gida tana wajen digiri 30 zuwa 35, don haka mai karatu ya tuna da hawan gadar masu ƙafa a Oshodi ya ƙara mata ɗan tsaye. Abin takaicin shi ne wannan karkata ita ce daidai wadda ta fi daɗin zamiya. Haka nan abin da ke gindin gangaren yana da muhimmanci kamar gangaren kansa: ƙaramar zaftarewa da za ta baje a fili ba ta cika binne mutum ba, amma idan ta zuba cikin kwazazzabo ko gadon rafi, irin waɗanda suka cika kwarurukan Atlas, sai ta taru mita da yawa a kansa.

Duk wannan ya shafi kowane tsauni a duniya. Abin da Atlas ya fi shahara da shi shi ne dusar da rana ta narkar dare ya daskarar. A arewacin duniya gangaren da ke kallon kudu yana shan rana yini guda, mai kallon arewa kuwa yana zama cikin inuwa, saboda haka kwari ɗaya yana iya ɗaukar yanayi biyu: gefe guda dusa mai sanyi da raunanniyar shimfiɗarta a ɓoye, ɗaya gefen ɓawo mai ƙyalli. Idan aka jera kwanaki ana narkewa da rana ana daskarewa da dare, saman dusar yakan zama ƙwayoyi kamar tsakin masara. Da asuba wannan tsaki yana da taurin siminti. Da hantsi, idan rana ta sassauta santimita biyu ko uku na sama, sai ya zama mafi daɗin abin da mai zamiya ke nema, mai santsi kuma mai riƙo. Idan aka kai azahar ruwa ya ratsa ciki, ƙafa ta fara nutsewa har gwiwa, dusar takan zama jiƙaƙƙen kunu mai nauyi wanda ke iya sulalowa da kansa, duwatsun da ƙanƙara ta riƙe su ma su fara gangarowa. Gangaren gabas ne ke fara laushi, sai na kudu, sai na yamma. Don haka ake barin masauki tun da duhu da fitila a goshi, ana lissafin sa'ar da za a kasance a kan kowace fuska ta dutsen. Daren da gajimare ya rufe sama kuwa dusar ba ta daskarewa sosai, kuma gogaggen jagora yakan soke tafiyar tun a ƙofar masauki, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A ganina, taurin safiya ne haɗarin da baƙo ya fi rainawa a wannan yanki. Hankali yakan tafi ga zaftarewa saboda ita ce ke da ban tsoro a bidiyo, amma wanda santsi ya kwashe a kan daskararren gangare mai digiri 35 ba ya tsayawa sai ya haɗu da dutse. Shi ya sa ake ɗaukar ƙarafa masu haƙora na ɗaura wa takalmi, da wasu na allunan zamiya, da ɗan gatarin ƙanƙara. Hanyar da aka fi bi zuwa kan Tubkal, ta kwarin Ikibi na kudu, hawan mita 960 ne daga masauki, kuma sau da yawa iska takan share tozon ƙarshe har tsakuwa ta fito, a ajiye allunan a ƙarasa da ƙafa. Masu saukowa ta Ikibi na arewa kuwa sukan ci karo da wani abu da ya shafe mu: tarkacen wani jirgin sama da ya faɗi a shekarar 1969 yana ɗauke da makamai zuwa Biyafara lokacin yaƙin basasa, wanda injinsa ke zaune har yanzu a kan ƙololuwar Tibherin.

Komawa ga garin tuwon dattijo: sabuwar dusa ba ta cika wuce kilo 100 a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ba, amma wadda ta zaftaro ta tsaya takan kai kilo 400, nauyin buhun shinkafa takwas, kuma tana ƙamewa nan take har mutum ya kasa motsa yatsa. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa rashin numfashi ne ke kashe su. Alƙaluman da aka tattara a Suwizalan sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna rayuwa, amma zuwa minti 35 adadin ya faɗo wajen kashi 30. Da wuya wata tawagar ceto ta iso cikin wannan lokaci, ko a Turai, balle a kwarin da alfadari ke yini kafin ya kai. Abokan tafiya su ne masu ceto. Kowa yana ɗaura wata ƙaramar na'ura a ƙirji da ke fitar da sigina a zangon kilohaz 457, wanda duk kamfanoni suka daidaita a kai, sauran su juya nasu zuwa nema. Sai doguwar sanda mai naɗewa ta caka dusa, sai shebur na ƙarfe. Tono mutumin da ke zurfin mita ɗaya yana nufin kwashe fiye da tan guda. Saboda wannan ne ake tsallaka gangare mai shakku ɗaya bayan ɗaya, sauran suna tsaye a wuri mai aminci suna kallo.

A Suwizalan cibiyar binciken dusa da ke Dabos tana fitar da sanarwar haɗari kullum a lokacin hunturu, bisa ma'auni mai mataki biyar da ƙasashen Turai suka amince da shi a 1993, kuma abin mamaki, mataki na uku ne ya fi cin rayuka, domin a na huɗu da na biyar mutane kan zauna gida. A kwarurukan Tubkal abin dogaro shi ne idon mutum da bakin waɗanda suka kwana a wurin: masu kula da masauki, 'yan dako, da jagorori. Tun bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido daga Denmak da Norwe kusa da Imlil a Disambar 2018, hukumomi sun wajabta tafiya da jagora a wannan hanya. Sai dai jagoran da ya haddace hanya a lokacin bazara daban yake da wanda ya iya haƙa rami a dusa ya karanta shimfiɗunta, kuma wannan bambanci ya kamata a tambaya tun kafin a yi ciniki.

Ga wanda ya taso daga Legas akwai ƙarin magana, domin mu a bakin teku muke kwana. A tsayin mita 4,000 kowane numfashi yana kawo kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na iskar oksijin da ake samu a Apapa. Ciwon tsauni, mai zuwa da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, yakan fara ne daga wajen mita 2,500, kuma shawarar likitoci ita ce bayan mita 3,000 kada a ɗaga wurin kwana fiye da mita 500 a dare ɗaya. Daga Imlil zuwa masauki kusan mita 1,500 ne a yini guda, don haka kwana biyu a ƙauyen ana ɗan hawa ana dawowa ba ɓata lokaci ba ne. Sannu ba ta hana zuwa. Masu cutar sikila, har da masu rukunin jini na AS, suna bukatar ganin likita kafin su yi tunanin irin wannan tsayi, saboda ƙarancin oksijin yana iya taɓa saifa. Ido ma yana bukatar baƙin tabarau mai rufe gefe, domin sabuwar dusa tana maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, kuma baƙar fata ba ta kare ƙwayar ido.

Lokacin wasan yakan kama daga Janairu zuwa Maris, wani lokaci har Afrilu, amma shekarun fari da Maroko ta jera tun wajen 2019 sun sa wasu hunturun alfadari yana kaiwa kusa da masauki a kan busasshiyar ƙasa. Ƙurar Sahara ma takan sauka ta rina dusar ta yi ja-ja, dusa mai duhu kuwa ta fi shan rana ta fi saurin narkewa. Yankin kuma yana cikin lardin Alhauz da girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa ranar 8 ga Satumba, 2023, ta hallaka kusan mutum 3,000, ta rushe ƙauyuka da dama a kwarurukan da ke kewaye. Ga mutanen Imlil da Armed, dusar da baƙo ke auna santsinta ita ce ruwan da zai gangaro ta kogin Mizan a watannin Afrilu da Mayu ya shayar da sha'ir da itatuwan tuffa a gonakinsu masu hawa-hawa, ragowar ta wuce zuwa filayen da ke kewaye da Marakesh. Mai alfadarin da aka tambaya inda dabbarsa ke tsayawa bana, da amsar yake lissafin kuɗin dakonsa, da ita kuma yake lissafin amfanin gonarsa.